Yadda Ake Gyara Kwamfutar Hedimasta Ba Tare da An Iya Gyara Ba

Ɗan'uwa, idan akwai wani gida da kwamfutarsu ta ɗauki halin shiɗewa, ana tsakiyar aiki sai fuskarta ta koma shuɗiya da dogon rubutun Turanci da lambobi, kuma a gidan akwai wadda kake so, to gyara zama, wannan takardar taka ce. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta za ta tashi, mutanen gida za su san da zamanka, kuma ba sai ka iya bambanta wayar wuta da igiyar shanya ba. An gwada hanyar a kan mutum guda, ta kuwa yi aiki a kansa ɗari bisa ɗari. Mutumin abokina ne, Injiniya muke ce masa. Tare muka bar makaranta a aji uku na sakandare, ni ta ƙofa, shi ta taga. Da labarinsa zan riƙa yi maka misali, don ni ban iya koyarwa a bushe ba.

Mataki na ɗaya: Samu suna tukuna, ilimi ya biyo baya in ya ga dama

Ilimi yana cin shekaru. Suna kuwa yini ɗaya ya ishe shi.

Injiniya ya samu nasa ne ranar da rediyon mai askinmu ya yi shiru. Ya karɓa, ya buɗe bayansa, ya ga an sa batur ɗaya a juye, ya juya shi, rediyo ya kama magana. Tun daga ranar ya sayi ɗan sukundireban gwada wuta ya maƙala a aljihun gaban riga, ba ya cire shi ko wurin jana'iza.

Wadda yake so kuwa Auta ce, 'yar autar tsohon hedimastan makarantarmu, tana aiki a kantin magani da ke bakin titi. Wata huɗu ya yi yana kai mata ciwon kan da ba shi da shi. Gidansu dai ba ya shiguwa, domin Hedimasta ba ya barin saurayi marar sana'a ya tsaya masa a ƙofa. An ce ya taɓa tare wani ya tambaye shi bakwai sau takwas, yaron ya tafi ya yi tunani, har yau bai dawo ba.

Ran nan Auta ta miƙo masa maganinsa ta ce, “Kai da ake ce wa Injiniya, ka san kwamfuta kuwa, ko iyakarka batur?”

“Kwamfuta? Ai da ita na fara. Na koma rediyo ne don in huta.”

“To ta Baba ce. Littafi yake rubutawa, tarihin shekara talatin da biyar da ya yi yana koyarwa. Da ya yi minti ashirin yana aiki sai ta shiɗe. Yanzu kowa a gidan da sanɗa yake tafiya.”

“Ƙaramin aiki ne,” in ji Injiniya.

Riƙe wannan kalmar. Ka faɗe ta tun kafin ka ga aikin, domin in ka gan shi bakinka ba zai yarda ya faɗa ba.

Mataki na biyu: Haɗa jaka

Kada ka kuskura ka je hannu biyu. Nemi jaka baƙa, mai zif da yawa. Zuba sukundireba uku, tsohon buroshin haƙori, wayoyin caja da suka mutu, da wani koren faranti mai ƙananan ƙarafa da ka ciro daga cikin mataccen rediyo. Ba za ka yi amfani da ko ɗaya ba sai buroshin. Aikin sauran shi ne su yi ƙara in ka ajiye jakar.

Mataki na uku: Karanta matsalar da fuska, kada ka karanta da baki

Hedimasta da kansa ya buɗe ƙofa. Ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ya dubi Injiniya daga takalmi zuwa kai, kamar yana neman inda zai sa jan biro.

“Na san fuskar nan. Ba kai ne wanda ya fita ta taga ana tsakiyar darasin kimiyya ba?”

“Ranka ya daɗe, ƙuruciya ce.”

“Har yau jakarka tana ofis, in ba su zubar ba. Shigo, Ɗan Taga. Ta ƙofa.”

Kwamfutar tana wani ɗan ɗaki kusa da falo, a kan teburin katako mai aljihu biyu. Gefe guda ga tarin tsofaffin rajistocin makaranta an ɗaure da roba, ga agogon bango da aka ba Hedimasta ranar da ya yi ritaya. Fuskar kwamfutar shuɗiya shar, rubutu fari ya cika ta. Hedimasta ya tsaya a dama, matarsa da kowa ke kira Mama ta tsaya a hagu, Auta ta jingina da ƙofa ta naɗe hannu.

A nan Injiniya ya yi kuskuren da nake roƙon ka kada ka yi. Ya buɗe baki ya karanta kalmar farko da ƙarfi. Hedimasta ya gyara masa. Ya maimaita, aka sake gyara masa. Sai da ya faɗe ta sau biyar, Auta tana kallon silin tana cije leɓe.

Don haka kai ka rufe bakinka, ka yi aiki da “hmm”. Iri uku ne. Akwai gajere, ma'anarsa na taɓa ganin irin wannan. Akwai dogo mai haɗe da girgiza kai, ma'anarsa abin ya daɗe a jikinta. Sai na uku, wanda ake rufewa da ɗan tsaki a ce, “Wa ya taɓa gyara ta kafin ni?” Ko ba wanda ya taɓa, za su fara kallon juna, kai kuma ka samu numfashi.

Daga nan ka kwafi doguwar lambar da ke ƙasan rubutun a takarda, ka ninke gida huɗu, ka sa a aljihu. Ba ta da wani amfani a wurinka, amma mutum mai rubuta lamba ba a cika zarginsa ba.

Mataki na huɗu: Kashe ka kunna, amma kada a gan ka

Duk gyaran da ka iya a duniya shi ne kashewa da kunnawa. Matsalar ita ce su ma sun iya. Saboda haka dole ka watsa taron.

Injiniya ya roƙi Auta busasshen tawul. Ya roƙi Mama ruwan sha. Hedimasta kuwa, Injiniya ya tambaye shi takardar bayanin da ta zo da kwamfutar a cikin kwali, ya san mutum irinsa bai zubar ba, kuma ya san sai ya zazzage akwati uku kafin ya gano ta.

Da ɗaki ya zama nasa, ya durƙusa ƙarƙashin tebur don ya zare wayar wuta. A nan ya yi ido biyu da akwatin kwamfutar, sanye da riga.

Riga sosai nake nufi. Mama ce ta saƙa ta da ulu mai kauri, kore da ruwan ɗorawa, da geza a ƙasa da tuntu biyu a sama. Ta rufe akwatin ruf, gaba da baya da gefe, sai wata 'yar ƙofa da aka bari daidai maɓallin kunnawa, ita ma an zagaye ta da jan zare. Wata uku Mama ta yi tana saƙar don kada ƙura ta taɓa kayan Malam.

Rigar ta hana shi kaiwa ga wayar, sai ya tuɓe ta ya rataye a bayan kujera. Ya zare waya. Ya ɗauko buroshi ya yi ta goge-gogen da bai san dalilinsa ba har minti goma sha biyar, don a shigo a tarar da shi yana gumi. Sannan ya mayar da waya, ya danna maɓalli, ya rufe ido.

Ta tashi lafiya lau.

Hedimasta ya zauna, ya ɗaga yatsu biyun da yake bugu da su, ya ce, “Zauna nan, Ɗan Taga. Ba inda za ka sai mun ga ta wuce minti ashirin. Kafin nan bari in karanta maka babi na ɗaya, kada zaman ya zama na banza.”

Minti ashirin ya wuce. Awa ɗaya ta wuce. Babi na ɗaya yana bayanin yadda Hedimasta ya samu takardar kama aiki, da launin ambulan ɗin, da abin da ma'aikacin gidan waya ya ce. Awa biyu cif kwamfuta ba ta yi ko tari ba. A tsakiyar zaman Auta ta shigo da tiren shayi, ta ajiye, ta ce, “Sannu da aiki, Malam Injiniya,” ta fita. Injiniya ya duba agogon bango. Minti ɗaya da rabi. Ya ce a ransa ya ci riba.

Mataki na biyar: Idan ta yi aiki, kada ka tambayi dalili

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Ta sake shiɗewa.

Ya koma. Ya watsa taro, ya durƙusa, ya tuɓe riga, ya goga buroshi, ya kunna. Ta tashi. Aka karanta babi na biyu. Jibi haka. Gata haka. In yana ɗakin, kwamfuta sai ta yini tana aiki kamar jakin da ya ƙoshi. Da ya fita Mama ta shigo ta share, ta gyara, ta mayar da komai wurinsa, washegari minti ashirin sai shuɗi.

“Hannunsa ne,” in ji Mama. “Wani yaron haka Allah yake yinsa. Ƙarfe ma yana jin kunyarsa.”

Idan aka faɗi irin wannan a kanka, ka sunkuyar da kai ka ce, “Addu'arku ce, Mama.” Kada ka musa, kada ka ƙara.

A cikin mako biyu Injiniya ya zama ɗan gida. Ya san kujerar da ba a zama a kai don ƙafarta ɗaya ta gajarta. Ya san kofin Hedimasta da ba a taɓawa. Ya san sunayen sufetocin makaranta goma sha ɗaya da halin kowannensu, ya san shekarar da iska ta yaye rufin aji biyu. Minti ɗaya da rabi na Auta ya kai minti huɗu, har ta fara sa masa sukari cokali biyu ba tare da ta tambaya ba. Ya daina ciwon kai gaba ɗaya.

Mataki na shida: Idan ka gano matsalar bisa kuskure, haɗiye ta

Wannan yana faruwa ko ga wanda ya fi kowa taka-tsantsan. Ka yi ta guje wa sani, sai ran nan ya same ka.

Ranar Injiniya ya iso da wuri, kwamfuta ba ta daɗe da shiɗewa ba. Ya sa hannu zai tuɓe rigar, ya janye da sauri. Akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga. Ya leƙa baya, ya ga wasu ƙananan ramuka, a cikinsu ga 'yar fanka, ulu kore ya naɗe mata fukafukai. Ya zauna daɓas a ƙasa. Wani darasi ya taso masa daga nesa, da muryar Hedimasta: abu mai aiki yana fitar da zafi, zafi kuma yana neman hanyar fita. Darasin da ya bari ke nan a tsakiya ya bi ta taga.

Ashe ba hannunsa ba ne. Rigar ce. Kwamfuta numfashi take nema, kullum shi yake tuɓe ta ta sha iska, kullum Mama take mayar mata.

To, lissafa tare da shi. In ya faɗa, gyara ya ƙare, an rufe ƙofa, shayi ya ƙare, minti huɗu sun ƙare. Kuma wa zai faɗa wa? Mama, wadda ta yi wata uku da kwarashi a hannu, wadda duk baƙon da ya zo sai ta kai shi ƙarƙashin tebur ya ga tuntu. Kowa ya sani, a gidan nan Hedimasta ne ke magana, amma Mama ce ke sa hannu a takarda.

Ya tsince ulun daga fankar, ya tura a aljihu. Da Hedimasta ya tambaye shi me ya gano, ya yi dogon “hmm” ya ce, “Irin ciwon nan ne mai tashi lokaci-lokaci, ranka ya daɗe. Sai dai a riƙa lallaɓa ta.”

Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, “Babi na bakwai.”

Mataki na bakwai: Ka sani akwai ranar da shayi ba zai zo ba

Ranar ta zo wa Injiniya a mako na huɗu. Ya shiga ya tarar da gidan tsit. Auta ta tare shi a baranda da rigar aikinta, ba murmushi.

“Tun asuba Baba yake rubuta babi na tara. Ya manta bai adana ba, ta shiɗe, shafi shida sun tafi. Na gwada jininsa, ya hau. Injiniya, ni ban damu ko ka iya ko ba ka iya ba, na san iyakarka tun ranar da ka karanta kalmar nan. Amma tsohon nan shekara uku yake wannan littafin da yatsu biyu. In wasa kake, ka nemi wani gidan.”

Ba “hmm” ɗin da ke maganin wannan. Kada ma ka gwada.

Hedimasta yana zaune gaban shuɗiyar fuska, hannuwa a cinya. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan ga duk wanda ya taɓa zama ajinsa.

“Ɗan Taga, na san ba don ni kake zuwa gidan nan ba. Ba wanda ya taɓa sauraron babi takwas don Allah kawai. Ga magana ɗaya. Ranar Asabar ka zo ka gyara ta gyara na gaskiya, wanda ba sai an sake kiranka ba. In ka yi, na yarda kana da sana'a, sai mu zauna mu yi maganar da kake ta zagayewa. In ba ka yi ba, ƙofa ga ta nan, taga ma ga ta nan, ka zaɓi wadda ka saba.”

Mataki na takwas: Yadda ake gaya wa uwar budurwa cewa saƙarta ce ke kisa

Akwai dabaru uku, kuma Injiniya ya gwada su duka a ranar Asabar ɗin, a gaban Hedimasta da Mama da Auta.

Ta farko yabo. “Mama, rigar nan ta fi ƙarfin ƙarƙashin tebur. Kamata ya yi a sa ta a falo inda baƙi za su gani.”

“Ai na falo daban nake saƙawa, ɗana. Ta talabijin. Saura hannu ɗaya.”

Ta biyu zagaye. “Mama, kin san kwamfutocin yanzu ba sa son ɗumi sosai.”

“Wa ke son sanyi? Ka ga irin tayil ɗin ɗakin nan da safe? Ni kaina sai da safa.”

Ta uku ita ce satar hanya. Ya yi niyyar ya huda rigar ta baya da almakashi in ba kowa. Da ya zuge zif ɗin jaka, Mama ta hango almakashin, ta dubi rigar, ta dube shi. Ya mayar da zif a hankali.

Dabaru sun ƙare. Agogon ritaya yana ta ƙas, ƙas. Ya dubi Auta, ta ɗauke kai. Ya dubi yatsun Hedimasta biyu da ke kan madannai suna jira. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro dunƙulen koren ulun nan, ya ajiye a kan tebur, ya durƙusa.

“Mama, ki yafe ni. Kwamfutar nan lafiyarta ƙalau. Rigar ce ke toshe mata iska, sai ta yi zafi ta shiɗe. Ni ban taɓa gyara komai ba, tuɓe ta kawai nake yi. Mako biyu ke nan da na gane, na yi shiru don kada a daina kirana. Shafi shidan Malam, alhakinsu a wuyana yake.”



Hedimasta ne ya fara motsi. Ya dafe ƙirji, ya zaro ido.

“Rigar? Wannan kyakkyawar rigar? Kai, yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa? Maman Auta, kin ji fa! Ni dai ban taɓa ganin saƙa irin wannan ba. Amma tun da masana sun faɗa, ya za mu yi? Kimiyya ba ta da kunya.”

Mama ta sunkuya da kanta ta zare rigar, ta kakkaɓe, ta ninke gida biyu, ta sake ninkewa, ta gyara tuntun su kwanta. Ta fita. Can aka ji ƙofar ɗakinta ta rufe a hankali, irin rufewar da ta fi bugawa ciwo.

Hedimasta ya rako Injiniya har bakin ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya.

“Mako huɗu, Ɗan Taga. Mako huɗu ina jiran ka buɗe baki.”

“Ranka ya daɗe, ka sani?”

“Shekara nawa na yi ina koyar da kimiyya? Tun ranar da aka sa mata rigar na sani. In Maman Auta ta fita unguwa nakan ɗage rigar ta baya, ranar babi na tara ne na manta.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Shekara arba'in muna zaune lafiya da matar nan, kana tsammanin a banza? Irin wannan magana baƙo ake ɗaukowa ya faɗa. Na ce a nemo mini injiniya, aka kawo mini kai, ka zo ka zauna kana shanye mini shayi.” Ya gyara tabarau. “Amma ka faɗa. Kuma ka ɗora wa kanka laifi ba ka nuna kowa ba. Wannan sai ya shiga babi na tara.”

“Babi na tara na mene ne?”

“Yaran da suka fi ƙarfina. Kai ne shafi huɗu daga cikin shidan da suka ɓata.”

“To maganar da muka ce za mu yi fa?”

“Ni na yarda. Saura mai sa hannu. Yi ta addu'a.”

Mataki na tara: Karɓi sakamako da hannu biyu

Kwana goma sha tara ba kira. Kwamfuta tana aiki tsirara, ko sau ɗaya ba ta shiɗe ba. Ciwon kan Injiniya ya dawo, wannan karon na gaske. Duk ranar da ya je kantin magani sai Auta ta ce, “Mama tana ɗaki. Saƙa take. Ba ta ce komai ba.”

Rana ta ashirin aka ce ya zo da azahar, ana tsakiyar watan zafi. Ya tarar da su a falo, Hedimasta da takardu a cinya, Mama da wani ƙunshi a gefenta.

“Ɗana,” in ji Mama, “na yi tunani. Su biyun nan, uba da 'ya, kullum suna yaba mini riga, ashe a bayan idona ɗage ta ake yi.” Hedimasta ya shiga neman wani abu a cikin takardunsa. “Kai kaɗai ka dube ni ka faɗa mini gaskiya. Mai irin wannan bakin ana iya ba shi 'ya. Ƙarfe bai san darajar saƙa ba, shi ya sa na warware ta na yi wa mutum.”

Ta buɗe ƙunshin. Suwaita ce, kore da ruwan ɗorawa, mai dogon hannu da wuya har haɓa. Geza a ƙasa. Tuntu ɗaya a kowace kafaɗa. A ƙirji ta hagu ga 'yar ƙofa zagaye da jan zare, daidai inda zai maƙala sukundirebansa.

“Sa mu gani.”

Ya sa.

“Kamar don kai aka halicci ulun,” in ji Hedimasta. “Zauna. Babi na tara, sabon rubutu.”

Haka ake ciki har yau. An yi magana, an amince, ana shirye-shirye. Sharaɗi ɗaya ne, ba wanda ya furta shi amma kowa ya san da shi: ba ya shiga gidan sai da suwaita. Littafin kuwa babi ashirin da uku ne. Kullum Injiniya yana zama a kujerar kusa da tebur, tuntu a kafaɗa, Hedimasta yana karatu. Minti goma, gumi ya fara sauka ta bayan kunne. Minti goma sha biyar, ido ya fara juyawa. Daidai minti ashirin sai Auta ta leƙo da kofin ruwan sanyi ta ce, “Baba, a kashe shi a sake kunnawa. Ya kusa nuna shuɗi.”

Mama kuma daga falo sai ta amsa, “Ku bar shi. Wannan in ya ji zafi yana da bakin faɗa.”

Bai taɓa faɗa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba injiniya ba ne, ba ɗan'uwan injiniya ba ne, ko rediyo bai taɓa gyarawa ba. Duk wanda ya bi matakan nan kwamfutar mutane ta ƙone, ko shafukan wani tsoho suka ɓata, ko aka fitar da shi ta taga, ko ya wayi gari da ƙurajen zafi daga wuya har cibiya, to shi da wanda ya aike shi. Ban san ka ba, ba ka san ni ba. In kuwa hanyar ta yi maka aiki har aka ba ka suwaita, kada ka zo mini da ita. Mama ta riga ta auna kafaɗata ranar da na raka shi, ta ce ulu ya yi saura.